Nagori da Geron Iri

Tun da na dawo daga Japan ban huta da tambaya ba. A gidan biki a tare ni, a Islamiyya a tare ni, har mai kawo mini itace sai da ya sauke kayansa ya ce wai da gaske ne mutanen can ɗanyen kifi suke ci. Bakina ya gaji. Ni kuwa tsohuwar malamar firamare ce, na san in tambaya ɗaya ta yi yawa a aji, gara a rubuta amsar a allo kowa ya kwafa. To ga ta nan. Duk wadda ta sake tare ni a hanya, takarda zan miƙa mata.

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba. 'Yata Bilkisu ce ta haihu a can, inda mijinta Aminu, ɗan Faskari, yake karatun noman shinkafa. Haihuwar fari ce, kuma kowa ya san gida ake zuwa wankan fari. Bilkisu ta ce ba za ta zo ba, kuma ba nisa ne ya hana ta ba. Shekarun baya, muna zaune a Pauwa, 'yan bindiga suka tarar da yayanta, ɗana na fari, a gona suka kashe shi. Kafin nan mun roƙi Malam, maigidana, a haƙura da noman wannan shekarar, ya ce gonar ubansa ba za ta kwana ba shuka ba. Bayan rasuwar muka kwashe muka dawo cikin garin Ƙanƙara. Tun daga ranar, tsakanin Bilkisu da mahaifinta sai "ina kwana" da "lafiya lau". Da aka yi mata aure za ta tafi, ta ce mini ƙafarta ba za ta sake taka ƙasar nan ba. Malam kuwa ƙarfi yana ta raguwa, idonsa ɗaya ya fara hazo. Saboda haka da na fara haɗa kaya, wanka ne a bakina, amma abin da ke cikina shi ne ko yarinyar nan za ta yarda ta kawo wa ubanta jikansa tun yana iya ganinsa.

A al'ada gwaggonta ce ya kamata ta je, ni in zauna da kunyata. Sai dai ofishin biza bai san gwaggo ba, uwa kaɗai ya sani. Na je Faskari sallama, mahaifiyar Aminu ta haɗo ni da kilishi kamar zan buɗe shago. Na leƙa Sabuwa wurin ƙanwata, ta ɗauro mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Hanyoyin nan kun san su, sai rana ta ɗaga direba yake tayar da mota, kowa bakinsa yana motsi har a isa.

Ana jibi zan tashi, Malam ya shiga ɗakinsa ya fito rungume da wani tulu da aka liƙe bakinsa da laka. Na san tulun. Geron iri ne na gonar Pauwa, wanda ya gada wurin mahaifinsa, gajere mai saurin nuna. Ranar da muka taso daga ƙauye shi kaɗai ya ɗauko da hannunsa. Duk shekara in an yi ruwan shuka sai ya buɗe ya duba, ya sake liƙewa. Ya dire shi gabana ya ce in surfa in kai inji, wai Bilkisu tana son kunun gero, na kasuwa kuma ba shi da garɗi.

Na ce, "Malam, ana cin iri?"

Ya ce, "Irin da ba shi da gona hatsi ne. Ki kai mata. Kuma kada ki hwaɗa mata ko na ina ne."

Ban yi masa musu ba, amma zuciyata ta karye, don na gane mutumin nan ya cire rai da komawa gona. A bakin turmi na ɗebi cikin tafin hannuna na ƙulle a haɓar wani tsohon zane, na cusa a ƙasan akwati. Ba duk abin da mace ta yi a bakin turmi ne miji yake sani ba. Sauran ya zama gari.

Daga Kano na tashi, aka sauke mu a Habasha, aka sake kwasar mu. Na yi Makka, na ɗauka na san jirgi, ashe wancan zuwa kasuwa ne. Na yi barci na farka, na ci abinci na sake barci, har yanzu muna sama. Lokutan salla suka rikice mini, rana tana faɗuwa tun ban gama lazimin azahar ba. Ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, a hannu na riƙo shi na sauka.

A filin jirgin Tokiyo wani ɗan guntun kare mai faɗaɗɗun kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya bar duk jama'a ya zo ya zauna gaban jakata. Na tattare hijabi ina korarsa, bai ko kalle ni ba. Ma'aikacin da ke riƙe da shi ya rusuna mini, ya rusuna kuma, sannan ya kai ni tebur. Kilishin surukata gaba ɗaya aka karɓe, don ba a shiga musu da nama. Amma yadda mutumin ya riƙa ba ni haƙuri, sai ka ce shi ne ya yi laifin, har ni na koma ina ce masa ba komai. Garin gero ya murza a yatsa ya ga niƙaƙƙe ne, ya mayar. Da ya kwance ƙullin daddawa na ce shi ke nan, yau za a kira mini 'yan sanda. Sai ya sunsuna, fuskarsa ta washe, ya kira abokin aikinsa shi ma ya sunsuna. "Natto!" in ji su. Ashe su ma suna da tasu daddawar ta waken suya, da safe ma suke cin ta. Tun a nan na fara jin mutanen nan ba bare ba ne sosai.

Aminu ne ya tare ni. Yaron kirki, amma ku auna suruki da suruka su biyu a ƙasar da ba wanda zai shiga tsakani. Ya durƙusa a tsakiyar filin jirgi ya gaishe ni, ba wanda ya kalle shi, don can rusunawa abincin kowa ce. A jirgin ƙasa ya zaunar da ni ya koma can baya. Jirgin yana gudu kamar an harba shi, amma ruwan kofina bai ko girgiza ba. Kafin mu shiga na ga masu shara sun gama aikinsu sun jeru sun rusuna wa fasinjoji. Cikin jirgin kuwa tsit, kamar ana jarrabawa. Ana cikin haka ƙanwata ta kira daga Sabuwa, na ɗauka da muryar da muka saba, ina ba ta labarin kare. Sai da na kai ƙarshe na lura duk taragon sun sunkuyar da kai, su ne suke jin kunya a madadina. Aminu ya lallaɓo ya raɗa mini cewa ba a waya a ciki.

Garinsu ƙarami ne a yankin Niigata, shinkafa ta kewaye shi ko'ina. Gidan kuwa duka bai fi ɗakina da rumfa ba. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar gidan mutunci, ƙasan ɗaki shimfiɗe da wata tabarma mai ƙamshin sabuwar ciyawa. Babu zaure, babu inda suruki zai ɓuya, sai Aminu ya mayar da barandar shanya ɗakin cin abincinsa, yana ci zannuwan jariri suna kaɗa masa a ka. Bilkisu na same ta ta rame, amma lafiya. Jaririn namiji ne, sun sa masa sunan marigayi. Sunan da ban taɓa kira ba mai shi yana raye, ba yanzu zan fara ba, don haka Ango nake ce masa.

Abin da ya fara ba ni mamaki zafi ne. Ni da na cika jaka da rigunan sanyi, sai na tarar da wani zafi mai danƙo, ka yi wanka ka fito kana neman wani. A cikin watan Agusta ne, lokacin da marka take kwana tana zuba a gida. Aminu, daga bayan ƙofa, ya ce ai a lissafinsu lokacin zafi ya riga ya wuce, kaka ta kama. Wannan da nake ji sunansa zansho, wato ragowar zafi. Na ce in wannan ne ɗumame, na gode Allah da ban tarar da tuwon daren ba. Ya ce har kati suke aika wa juna a kansa, na sannu da ragowar zafi, kuma wanda ya aika gaisuwar tsakiyar zafi bayan ranar da kaka ta kama ya yi abin kunya. Wannan ya burge ni. Na ɗauka mu kaɗai ne muke tsayawa a hanya muna tambayar ya ruwa, ya zafi, ya sanyi.

Wadda ta zama malamata a wannan fanni maƙwabciyarsu ce, wata tsohuwa mai suna Kimiko, ta haura tamanin, bayanta ya ranƙwafa saboda dashen shinkafa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni, ita kaɗai take noma ɗan lambunta. Washegarin zuwana ta shigo barka da kankana. Ni kuwa ba zan kira babbar mace da gatsal ɗin sunanta ba, na gyara murya na ce, "Sannu Baba." Sai na ji cokali ya faɗi a baranda. Bilkisu ta zaro ido. Ashe a harshensu, in ka ja ƙarshen kalmar, zagi ne, kamar ka ce tsohuwar banza. In ka ja farkonta kuwa, haka jikoki suke kiran kakarsu. Allah ya taimake ni bakin Katsinawa farkon ya ja. Tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce jikokinta sun kwana biyu ba su zo ba, ta yi kewar mai kiran ta haka. Daga ranar ta zama Baba Kimi.

Da aka gaya mata daga inda na taso don in yi wa 'yata wanka, ta jinjina kai. Ta ce su ma haka suke, sai dai 'yar ce take komawa gidan iyayenta ta haihu, har suna da sunan abin, satogaeri, komawa garin haihuwa. Ta tambayi Bilkisu me ya hana ta komawa nata. Bilkisu ce take fassara mana, sai ta fassara tambayar, amsar kuma ta ce jariri yana kuka. Jariri kuwa barcinsa yake.

Wanka bai ba mu wahala ba, don mutanen Japan sun fi mu son ruwan zafi, kowane gida da kwaminsa mai zurfi. Ganyen darbejiya ne babu. Kunun kanwa kuwa Bilkisu ta ce sam, ita ma'aikaciyar jinya ce, ta ga abin da kanwa take yi wa zuciyar masu jego. Na yi ta mita, daga baya na haƙura, muka koma kunun tsamiya. Ranar farko da ta kurɓa ta tsaya ta kalli kofin, ta ce geron nan da daɗi yake. Na ce haka ne. Kullum da safe nake dama mata, ina auna garin kamar magani.

Abincinsu ba laifi, in ka cire ɗanyen kifi, wanda na gaishe shi daga nesa. Shinkafarsu ba mai ba yaji, amma ana iya cin ta haka nan don daɗi. Aminu shi ne mai karanta bayan kowane ƙunshi don gudun naman alade da giya. Wata rana Baba Kimi ta kawo mana siririyar taliya tana iyo a cikin ruwan ƙanƙara, wai abincin zafi ke nan. Na ce ni haifaffiyar ƙasar Ƙanƙara ce, amma sai da na ƙetare duniya na ci taliya da ita.

Kullum in rana ta yi sanyi sai in goya Ango mu fita bakin lambu, Bilkisu ta zauna a dakali tana fassara. Baba Kimi ba ta rasa sabuwar kalma. Ta nuna sama, ga gajimare masu tudu irin na zafi a ƙasa, ga wasu sirara kamar an share su da tsintsiya a bisansu, ta ce wannan yukiai no sora ne, sararin da mai tafiya da mai zuwa suke gamuwa. Iska ta taso ta kwantar da ciyawa, ta ce nowaki, mai tsaga daji, ita manoma suke tsoro in shinkafa ta yi ciki. Aka yi walƙiya can bakin duwatsu, ta tafa hannu ta ce inazuma, wai ma'anarsa matar shinkafa, don mutanen da sun ce walƙiya ce take sa shinkafa ta yi ido. Na ce Allah ya ba da zaman lafiya, amarya mai zafin rai haka. Abin da ya fi burge ni, ba tsofaffi kaɗai suke riƙe da kalmomin nan ba. Mai karanta yanayi a talabijin, yarinya ƙarama da kwalliyarta, da su take buɗe baki. Mutanen da suka ƙera jirgin da ba ya girgiza kofi ba su ga sun fi ƙarfin sanin sunan iska ba.

Sai abin ya riƙa tuna mini da Malam. A Pauwa shi ne mai lissafin taurarin damina. In ya fito da asuba ya dubi sama sai ya ce Nasara ta fita, Ɗarfa ta shiga, a yi hanzarin maimai. Tun da muka dawo gari bai sake faɗin ko ɗaya ba, ko ruwa aka yi sai dai ya ce a shigo da shanya. Don haka in na kira shi a waya, bayan gaisuwa, sai in riƙa ba shi kalmomin Baba Kimi. Da farko "to" kawai yake cewa. Ranar da na ba shi labarin zansho sai na ji ya gyara zama.

Ya ce, "Wannan ai agajeri ne. Zahin da ka zuwa in ruwa ya ɗauke, shi ka nuna dawa. Su ma sun san shi ashe?"

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce in tambayi tsohuwar ko suna da sunan ruwan da yake sauka rana tana haske, ko sun san raɓar da take faɗa wa manomi damina ta yi sallama. Na zama 'yar aike tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba. A lasifika nake sa wayar, wai don kunnena. Bilkisu tana gefe tana shayarwa, kanta a sunkuye, amma na lura ba ta tashi sai an gama.

Akwai abu ɗaya da na kasa ganewa. Duk zafin nan, da magariba ta gabato sai Bilkisu ta tashi ta rufe tagogi. Wata rana muna bakin lambu har rana ta yi ja, sai wani ƙwaro ɗan'uwan gyare ya fara kuka daga itatuwan bayan gari. Ba irin masu ƙarar rana ba ne da suke cika kunne. Wannan siririyar murya gare shi, tana farawa da ƙarfi tana dusashewa. Baba Kimi ta ɗaga yatsa ta ce higurashi, mai sa rana faɗuwa, in ka ji shi zafi ya kusa tafiya. Ta kwaikwayi kukan yadda su suke jin sa: kana-kana-kana. Na juya in yi dariya, sai na ga Bilkisu ta miƙe ta shige gida.

Na same ta a ɗaki ta jingina da bango. Ta ce, "Inna, ke ba ki ji abin da yake cewa ba? Kana, kana, kana. Kullum sai ya fara tambayar, ba ya ƙarasawa."

Sai a lokacin na ji shi da kunnen Hausa. Ranar da abin ya faru, ita ce ta yi ta kiran wayar yayanta har dare tana aika masa "kana ina". Na zauna kusa da ita muka yi kukan da ba mu taɓa yi tare ba, don a lokacin rasuwar ni ina ta dauriyar ɗan fari, ita kuma tana ta fushi. Da muka natsa na ce mata ubanta ma ba ya barci. Ta ce ta sani, amma in ta tuna an roƙe shi ya ƙi, sai ƙirjinta ya rufe. Na ga ba ranar roƙonta ba ce.

Muka yi arba'in. Shinkafa ta sunkuya ta yi ruwan zinariya, masu ƙarar rana suka yi shiru, da asuba har ina jawo mayafi. Rigunan sanyina suka fara samun daraja. Ana saura kwana kaɗan in taso, Baba Kimi ta shigo da wani irin gauta nasu, baƙi dogo, guda biyu a faranti. Duk zaman nan tana kawo mana shi cike da kwando, masu sheƙi. Waɗannan kuwa ƙanana ne, fatarsu ta yi tauri. A raina na ce yau tsohuwa ta yi rowa. Amma yadda ta riƙo farantin da hannu biyu ya sa na gyara zama.

Ta ce kowane abin gona suna uku gare shi. Na farko da ya fara fitowa hashiri ne. Na ce wannan mun san shi, tumu ke nan, sabon geron da ake gasawa tun bai bushe ba. In abu ya yi yawa ya cika kasuwa, shun ne. Na ƙarshe kuwa, wanda daga shi sai baɗi, shi ne nagori. Ta ce bai kai na tsakiya kyau ba, amma shi ake ci a hankali, ana gode masa, kuma ba a cin sa sai da wanda ake ƙauna. Ta ƙara wata magana tana murmushi, Bilkisu ta fassara. Wai a shekarunta, duk nagorin da ta ci ba ta sani ba ko na bana ne ko na duniya.

Washegari da safe na karkaɗe ledar gari a ƙwarya, abin da ya fito bai fi na kofi ɗaya ba. Na dama na kai mata, na ce ga namu nagorin. Ta yi dariya ta ce in na koma in sa a sayo a kasuwar Ƙanƙara a aiko. Malam ya ce kada in faɗa, kuma a zamanmu ban saba tsallake maganarsa ba. Amma na duba na ga in na yi shiru yau, na zo Japan cin taliya ne kawai.

Na ce, "Ba na kasuwa ba ne. Na tulun nan ne."

Ta san tulun. Tana ƙarama ita take riƙe masa laka in zai liƙe bakinsa. Ta ajiye kofin a hankali ta ce, "Baba ya niƙa iri?"

Na ce shi ya ɗauko da hannunsa, ya ce 'yarsa ba za ta sha na kasuwa ba. Ta daɗe tana kallon kunun har ya fara yin fata. Sannan ta ɗauka da hannu biyu, yadda tsohuwa ta riƙo farantinta, ta shanye a hankali, hawaye yana sauka a ciki. Da ta gama ta tambaye ni ko duka aka niƙa. Na ba ta labarin haɓar zane. Ta ce bayan shekarun nan zai tsiro kuwa? Na ce Allah kaɗai ya sani.

Ba ta sake tayar da maganar ba sai a tashar jirgin ƙasa. Baba Kimi ta rako mu, tana ta rusunawa ina rusunawa, har Aminu ya ce za mu rasa jirgi. Bilkisu ta karɓi Ango daga bayana, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ki ce wa Baba ya shuka ko a bayan gida ne. In ya tsiro, za mu zo cin tumu."

Na sauka Ƙanƙara a tsakiyar agajeri, ana ta yankan gero a gonakin bakin gari. Da 'yan sannu da zuwa suka ragu, na kai wa Malam abinci na zauna. Ya tambayi jikansa, ya kai hoton kusa da idonsa mai lafiya ya daɗe yana dubawa. Bai tambayi ko Bilkisu ta ce wani abu ba, ni ma ban yi gaggawa ba. Sai ya ce tsohuwar nan ba ta aiko masa da wata kalma ba? Na ba shi hashiri, ya ce tumu. Na ba shi shun, ya ce kaka ta yi. Na ba shi nagori, na yi masa bayani yadda aka yi mini, na ce mu kam ban san muna da sunansa ba.

Ya ce, "Muna da shi mana. Su cinye nasu su ka yi, shi ya sa suka sa mashi sunan bankwana. Mu na ƙarshe ba mu cin shi. Iri muka ce mashi."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Ya sauke kai, ya janye hannunsa daga kwano. Na tashi na buɗe akwati, na kawo tsohon zanen na kwance ƙullin a gabansa, sannan na isar da saƙon 'yarsa kalma bayan kalma. Bai yi mini faɗan tsallake maganarsa ba. Ya sa yatsa yana juya ƙwayoyin, ya ce in sake faɗin abin da ta ce, na sake.

Damina da sauran nisa, amma Malam bai iya jira ba. Washegari ya sa aka share kangon bayan gida, ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya binne a fasasshen kasko don gwaji, sauran ya mayar tulu ya liƙe. Ba duka suka fito ba. Amma ran nan da asuba na ji yana ƙwala mini kira kamar gobara, na fito na same shi durƙushe gaban kasko, ga wasu 'yan koraye sirara sun huda ƙasa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in nemo masa lambar Bilkisu, shi zai gaya mata da bakinsa.

Masu tambayar me na gano a Japan, iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan. Wadda ba ta ƙoshi ba ta zo gida ta ga kasko, amma ta yi sallama a hankali. Malam yana nan zaune a gabansa da sanda tun safe, shi da kajina ba sa ga maciji.